Soron Fata na Maharazu

Soron Ɗinki, Kano
Damina, 1968

Zuwa ga Yaya Shehu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a bakin daga, ya tsare ka da tsarewarsa. Inna na nan da sauƙi, sai dai ciwon gwiwar nan. Ƙanwarmu Larai ta sauka lafiya, an sa wa jaririyar Hauwa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar ƙaninmu Maharazu. Ka tuna tun yana yaro yakan tsaya tsakiyar soron Baba yana tafi, wai yana sauraron yadda rufin ke maido da sauti. To, yanzu ya ƙera soron da ake naɗewa. Ya lanƙwasa gora ya yi bakan gizo irin na magina, ya rufe da fatu daga majema, ya jera ƙorai a ciki suna fuskantar makaɗi. Yakan ɗora a amalanke ya kafa a Shahuci, mai kukuma ya shiga, kiɗa ya cika unguwa ba lasifika. Abokan Baba sun daina amsa gaisuwar Maharazu, wai ɗan magini ya koma gina wa maroƙa ɗaki.

Wani hafsa ya gani, ya ce a kai wa sojoji kudu, Maharazu kuwa ya amsa. Inna ta ce tunda ba ka nan, ni zan hana shi. Na tsara dalilaina tsaf na je wurinsa, sai ya ce in shiga soron in zauna tukuna. Na shiga, ya yi tafi. Yaya, amon soron Baba ne sak, wanda ruwan bara ya rushe. Ya ce akwai 'yan birni a can da ke kewar wannan amon, har da kai. Na fito ban hana shi ba. Ko tausayi ne ko ragwantaka, har yau ban sani ba. Na rubuta amsar a littafina, na soke, na sake rubutawa.

Jirgin ƙasa zai tashi da su ranar Asabar. Inna ta daina yi mini magana. Don Allah, in ka ji kukuma na tashi daga wani soron fata, shiga ka zauna ka ji abin da ya kawo maka. Sannan ka kama hannunsa ka sa shi a jirgin dawowa. Kai yana jin maganarka.

Jummai da Gwaggo Asibi da Baba Ado suna gaishe ka. Allah ya haɗa fuskokinmu a tsakar gida.

Ƙaninka,
Isyaku