Abin da Ya Toshe Jijiyar Zuciyarka

Abban Hadiza,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, amma cikina ya cika da magana, kuma kai na saba faɗa wa.

Hadiza ta zo hutu daga Zariya, karatun likitancin ya yi nisa. Jiya muna tsintar shinkafa na tambaye ta abin da na kasa tambayar likita ranar da ka rasu: me ya toshe jijiyar zuciyar mutumin da bai taɓa kwana a asibiti ba?

Ta ce ba kitse kaɗai ba ne, kamar yadda danginka suka yi ta faɗa a zaman makoki suna kallona. Wai idan bangon jijiya ya ji ciwo daga ciki, saboda hawan jini ko taba, yakan saki wasu sinadarai masu kiran fararen ƙwayoyin jini su kawo ɗauki. Su zo su haɗiye kitsen da ya maƙale, su kasa fita, su ma su kira wasu. Wurin ya kumbura, ya yi ta tudu shekara da shekaru, har ranar da ya fashe, jini ya daskare a kai.

Shekara da shekaru, Abban Hadiza? Ke nan kana kai yara makaranta a Doka, kana biyowa da balangu, abin yana nan? Har ranar da ka dafe ƙirji a matakalar ofis, ka dawo ka ce gyambon ciki ne, na dama maka kunu? Hadiza tana bayani muryarta ba ta rawa. Sai da ta gama ta kifa kai a cinyata.

An ce mu tashi daga gidan nan da gwamnati ta ba ka. Ƙarshen wata za mu koma Abakpa, wajen Yaya Sani. Autanka Sadiku ya hana a sayar da motarka. Kullum sai ya wanke ta, ba inda take zuwa. Ni kuma Hadiza ta matsa an auna ni, jinina ya hau, ina shan magani.

Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kiran sunanka ba, kunya ta hana. Na so ka, ban iya faɗa ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Yusufu.

Sai mun zo.

Matarka,
Binta
Unguwar Dosa, Kaduna