Kifin Ummu Majid

Farasan, ranar Talata

Zuwa ga uwargida Maryama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Ki gaida mutanen unguwarmu ta Mansur, musamman Mudassir mai tsire. Sai da na bar Makka na san darajarsa.

Na iso tsibirin da raina, mutuncina kuwa na bar shi a jirgin ruwan da muka hawo daga Jizan, tare da duk abin da na ci a hanya. Littattafan da na karanta lu'ulu'un Bahar Maliya suke kiran wuraren nan. Ina zaton marubutan ba su da hanci. Ƙarnin kifi ya shiga ruwan sha, ya shiga matashin kai, har a carbina nake jin sa. Zafin Makka ƙona ka zai yi ya ƙyale ka. Na nan lasar ka yake yi kamar saniya.

Autarmu Nadiya lafiya lau, cikin ya tsufa. Mijinta Majid ya kai ni yawo a kwalekwale cikin wasu itatuwa masu tsirowa a ruwan gishiri, ya kuma nuna mini barewa daga nesa. Barewar kaɗai na ga alamar hankali a tare da ita, domin ba ta zuwa kusa da teku.

Na isar da saƙonki ga surukarta, Ummu Majid. Na ce a wurinmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, da wankan jego da kunun kanwa, ke kuma gwiwa ba za ta bar ki ki zo ba. Ba ta amsa ba, ba ta ƙi ba. Ta ce a bari bikin harid ya wuce. Wai wani kifi ne.

Naki, Mukhtaru

Farasan, ranar Asabar

Maryama,

Sallama da gaisuwa. Yaya jiki, yaya kaɗaici? Ki zauna kafin ki karanta, na yi ɓarna.

Harid ɗin nan sau ɗaya yake zuwa a shekara. Sai a kewaye shi da raga a bakin gaɓa, a watsa rassan itace ya ɓuya a ciki, a yi kururuwa, gari duka ya faɗa ruwa. Na ga dattawa masu furfura suna kokawa cikin taɓo, suna cusa kifi a riga. Har limamin unguwa na gani, ya rungume guda kamar jariri. Da aka watse, gaɓar ta cika da robobin ruwa da ledojin 'yan yawon buɗe ido, waɗanda suka zo kallon kyawun halitta.

Shi kifin, kore ne da shuɗi da ja, kamar an tsoma shi a fenti, bakinsa irin na aku. Yana dubanka da haƙora a waje.

Ashe a nan lokacin harid na amaren shekara ne. An sake yi wa Nadiya ado, mata suka cika gidan da waƙa. Mafi girman kifin da Majid ya kama, Ummu Majid ta gasa shi da hannunta, ta aiko mini ɗaki a faranti, tunda ni ne uban amarya. Ni kuwa na yi abin da muke yi a gida in an kawo tuwon da bai yi ba: na yi godiya, na rufe ƙofa, na jefa wa maguna ta taga, da niyyar in mayar da faranti fes in yabi girki.

Ban san tsakar gida tagar take kallo ba. Wata mage mai ido ɗaya ta ja shi ta wutsiya har gaban tabarmar mata. Waƙa ta tsaya.

Nadiya ta yi kuka. Majid ya daina kallon idona. Ummu Majid ta aiko cewa mai ƙyamar abincinsu ba za ta ba shi jikanta ya haye teku da shi ba. Kada ki kira ni yau, na san abin da za ki ce.

Mijinki, Mukhtaru

Farasan, ranar Laraba

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan fushin ya sauka kafin takardar nan ta same ki.

Na je ban haƙuri. Na shirya jawabi da larabci mai kyau, har da tarihin zumuncin mahajjata da mutanen teku. Matar nan ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa aka ajiye mini faranti. Wannan karon ba gasasshe ba ne, wanda aka yi wa gishiri aka shanya ne, warinsa ya riga shi shigowa. Ƙannenta da maƙwabta suka zauna kallo. Magen ma ta zo.

Na ci, Maryama. Na ci tsoka, na ci fata. Ta nuna kai da yatsa, na tsotse shi. Idon ne ya fashe mini a baki. Ban san yadda na haɗiye ba, fuskarki kawai na tuna ranar da aka tafi da Nadiya. Da na gama ta tambaye ni yadda na ji. Na ce ban taɓa cin irinsa ba, kuma Allah shaida ban yi ƙarya ba.

Ta yarda. Nadiya za ta haihu a gabanki, ta yi arba'in a gida. Ki nemi kanwa da itacen dafa ruwa, jibi za mu taso.

Sai dai akwai sharaɗi. Ummu Majid za ta biyo mu, ta ce dama tana son umra, kuma ba za ta koma ba sai an gama wanka. Ɗakin littattafaina za ta sauka. Tun jiya take shirya guzuri: buhu guda na busasshen harid, wai don ta lura ya karɓe ni.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar da za mu iso, ki yi tuwo da miyar kuka, ki zuba daddawa iya ƙarfin hannunki, irin ta Sakkwato mai tashin unguwa. Ni zan kai mata farantin da kaina. Tagar ɗakin kuma ki sa a buga mata ƙusa.

Naki har kullum,
Mukhtaru