Juna Biyu a Jirgin Gamzaki

Jirgin Gamzaki,
a kan hanya.

Zuwa ga Yaya Karima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Isah da yara. Yaya ƙafar Inna, ta saki kuwa? Yaya damina a Tsohon Birnin Gwari? Kin ce masarar gonar bakin daji ta yi goyo. Na maimaita karanta wurin nan har maigidana Mamuda ya tambaye ni ko masarar ce na aura.

Mu nan lafiya lau. Tafiya ta miƙa sosai a sararin samaniya, ranarmu ta gida yanzu ba ta fi sauran taurari girma ba, sai Mamuda ya nuna mini ita da yatsa nake gane ta. Lambun jirgi da aka damƙa mini ya karɓi hannuna. Yakuwa da alayyafo sun yi shar a ƙarƙashin fitilu, kuɓewa ce kawai take mini taurin kai.

Kin ce in ba ki labarin mutanen da muke tare. Shugabarmu Kyaftin Adawiyya 'yar Zariya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta dube ki sai kin gyara zama. Akwai Likita Habiba, mai dariya har da hawaye. Sai Baba Nababa mai walda, mutumin Saminakarmu ta can gida, sa'an marigayi Babanmu. Shi ke sa rigar fita ya hau bayan jirgi ya yi gyara, yana rera waƙoƙin noma muna ji ta rediyo. Ya ce duk duniya ba inda ya kai wajen nan daɗi. 'Yar gida yake kirana.

Yanzu matso kusa, Yaya, kada yara su ji. Ina da juna biyu. Ya kusa wata uku.

Na gaya wa Mamuda, kin san Fulani da kunya. Tashi ya yi ya je ya kwance wata fanka da lafiyarta ƙalau, ya sake ɗaurawa. Tun ranar bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai kullum naman kwanonsa a nawa yake ƙarewa.

Dokar jirgi ta ce in gaya wa likita, ita ta gaya wa Kyaftin, Kyaftin kuma ta faɗa a wurin cin abinci don a sake rabon aiki. A gaban Baba Nababa fa! Da wane idon zan dube shi? Na fari ne, Yaya. Ke kanki sai da zani ya ƙi ɗauruwa aka sani. Zan faɗa, amma ba yanzu ba.

Warin daddawa ne ba na so ko kaɗan, ni da nake lasar ta ɗanya. Tsamiyar ɗakin ajiya kuwa ta shiga uku da ni. Da ma a ce yanzu ina gindin ɗinyar nan ta hanyar rafi.

Ki gaida Inna da kyau, da duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
Raliya


Jirgin Gamzaki.

Yaya Karima,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Kafin komai: ina lafiya, Mamuda yana lafiya, kowa yana nan da ransa. Na fara da wannan ne don na san halinki, kada ki kai tsakiyar wasiƙa ki hau salati ki tayar wa Inna da hankali.

Muna cikin cin abincin rana ƙararrawa ta ɗauka. Tauraron da muke wucewa ta gefensa ne ya yi aman wani irin haske. Kin san ɗakin hoton ƙashi a asibiti, inda ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a bar ta ta shiga? To irin wannan hasken ne, ninkin ba ninki. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, amma yana ratsa ƙarfe ya ɓata jini.

Garkuwarmu ruwa ce. A cikin bangon jirgi yake zagayawa, shi ke tare hasken. Da aka duba sai aka tarar famfon ɓangaren lambu ya cije, bangon wajen nan wayam. Muka ruga ɗakin tsakiya da muke kira rumbu, don nan hatsi yake kuma bangonsa ya fi kauri. Likita Habiba ta ce wannan somin-taɓi ne, babban feshin yana tafe, in ya iso bangon nan ba ruwa rumbun ma ba zai cece mu ba. Dole a je a murɗe famfon da hannu.

Yaya, famfon nan a ƙarshen wani lungu yake bayan lambuna, matsattse kamar kwalbati. Tun wurin horo ni aka ware wa shi, don duk jirgin ba wanda ya kai ni ƙanƙanta. Kowannenmu yana da ɗan ma'auni a ƙirji mai nuna yawan hasken da jiki ya sha: kore, rawaya, ja. Babban mutum in ya tsaya a rawaya zai warware. Abin da ke cikina kuwa, ko kaɗan ɗin bai kamata ya sha ba. Na san wannan sarai.

Kyaftin ta hau rabon aiki. Aka yi layi ana miƙa buhunan gero da jarkokin ruwa hannu zuwa hannu, ana jerawa a jikin bango. Ba ta kira sunana ba, ni ce na tashi da kaina na ɗauko rigar aiki, tunda kowa ya san lungun nawa ne. Mamuda ya ce shi zai shiga. Aka dubi faɗin kafaɗunsa, kowa ya ga lungun ba zai ɗauke shi ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Mu biyu mun san magana, bakinmu ya ƙi buɗuwa.

Na sa riga, na kifa hular, na kai bakin ƙofa. Hannuna ɗaya yana kan marufi, sai na ga ɗayan ya riga ya tafi kan cikina ba da sanina ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba don kaina ba. Na juyo na je kunnen Kyaftin, na raɗa mata cewa ina da juna biyu.

Na manta rediyon hular a kunne yake. Raɗar nan tawa ta fito ta kowace lasifika a jirgin, rangaɗaɗau.

Na so ƙasa ta tsage, ga shi ba ƙasa. Amma ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba, buhuna suka ci gaba da tafiya. Kyaftin ta ce alhamdulillahi, sai yanzu, maza in tuɓe rigar. Sai ga muryar Baba Nababa ta rediyo yana cewa Allah ya raba lafiya, 'yar gida. Ashe ba ya ma cikin ɗakin. Tun ina neman takalmin rigar ya ja injin yankan ƙarfe ya fita, da izinin Kyaftin.

Shawararsu ita ce a yanke bangon lungun, yadda ƙato ma zai iya kai hannu. Aikin da zan yi cikin ƙiftawar ido ya zame musu doguwar wahala. Suka riƙa fita bi da bi. Wannan ya riƙe fitila, wancan ya janye ƙarfen da aka yanke, da ma'auninsa ya yi rawaya sai ya dawo ya dafa kafaɗar na gaba. Har mai tuƙi da mai girki sun fita. Ni kuwa aka zaunar da ni a tsakiyar rumbu, aka kewaye ni da buhuna kamar kaza a kan ƙwai, aka ba ni allon da ke nuna ma'aunin kowa, in riƙa kiran sunan wanda lokacinsa ya yi.

Na kira sunan Baba Nababa da nasa ya yi rawaya. Ya ce saura kaɗan. Na sake kira, ya ce wai rediyonsa ba ya ji sosai. Gaskiyar ita ce ba wanda ya iya injin nan kamarsa, in ya saki sai an ninka fitar kowa. Ina kallo rawayar ta soma rinewa. Ina kiran sunansa ina kuka. Kyaftin da kanta ta fita ta jawo shi, daidai lokacin da ƙarfen ƙarshe ya faɗi. Mamuda ya zura hannu ya murɗe famfon.

Muka ji ruwa ya kwararo cikin bango kamar rafi bayan ruwan sama. Wani ya yi kabbara, kowa ya amsa. Da babban feshin ya iso muna zaune a matse, gwiwa da gwiwa, ana zagayawa da ƙuli-ƙuli. Ya wuce ta kanmu bai same mu ba.

Baba yana ɗakin likita. Ni ma ta ce sai jiki ya huta kafin ta duba ta tabbatar. Ki sa mu a addu'a, Yaya, ki ce Malam Isah ma ya sa mu.

Taki,
Raliya


Jirgin Gamzaki.

Yayata Karima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Malam da yara. Saƙonki ya iso. Na gode da addu'a, faɗan ma na karɓa, duk da kin manta da maganar zaninki.

Kyaftin ta riga ki. Da abubuwa suka lafa ta kira ni ɗakinta ta wanke ni tas. Ta ce a jirgi jikin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Ina sunkuye ina jiran ƙari, sai na ji ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ita ma da nata. Wai tun da tsamiya ta soma ƙarewa, kuma mai girki ya ga ina toshe hanci in ya buɗe daddawa, duk jirgin ya gane. Likita ta so ta tare ni da maganar, ita Kyaftin ta hana. Ta ce na fari ne, a yi mini kara, zan faɗa da bakina. Ta yi niyyar a faɗaɗa lungun nan cikin natsuwa, amma tana tsoron in an taɓa shi zan gane an gane. Ni ina jin kunyarsu, su suna jin kunyar kunyata, har tauraro ya zo ya same mu a haka. Muka dubi juna, dariya ta kubce mana, ita tana share ido.

Baba Nababa ya sha amai da kasala, amma ya miƙe, har ya koma cin tuwonsa malmala biyu. Sai dai likita ta ce hasken da jikinsa ya sha ya kai iyakar abin da aka yarda mutum ya sha a rayuwarsa. Ba zai ƙara sa rigar fita ba har abada.

Da na ji, na je na durƙusa a gabansa. Ban kai ga buɗe baki ba ya ce in tashi kada in danne masa jika. Ya ce da ma gwiwoyinsa sun daɗe suna kai ƙararsa, kuma shi ɗan manomi ne, in ba shi aiki a lambu. Yanzu kullum muna tare. Ya ce kuɓewata ba taurin kai take ba, ruwa nake cika mata. Ta kuwa soma fure, abin haushi.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da samari suka fita gyara na gan shi tsaye a taga, butar ban ruwa a hannu, yana motsa baki yana gaya musu inda za su taka, alhali ba sa jin sa. Abin ya tsaya mini a rai. Na koma bayan yakuwa na yi kukana na gama, na fito.

Ranar dubawa kuwa ta zo. Likita ta shafa mini mai a ciki ta ɗora na'urarta, ta daɗe tana kallo. Sai ta murɗa wani abu, ɗakin ya cika da bugun zuciya, da sauri da ƙarfi. Ta ce komai daidai, buhunan gero sun yi aikinsu. Ta tambaye ni wa za a kira ya ji. Na ce Mamuda. Sai na ƙara da cewa, da Baba.

Mamuda ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon silin. Baba ya cire hula ya saurara, ya ce wannan maƙeri ne, ji yadda yake dukan ƙarfe. Ya ce a ƙara masa. Aka ƙara.

Ina cikin kwanciyar hankali, Yaya. An rage mini aiki, mai girki ya daina sa daddawa a tukunyar kowa saboda ni, ana ta yi masa tsiya. Matan jirgi sun soma ɗinka 'yan riguna da tsofaffin kayan aiki.

Jiya da hantsi muna tsinkar alayyafo na ji abu ya shure ni daga ciki, karo na farko. Ban tsaya tunani ba, na ce Baba, ya motsa. Da bakina, da ƙarfi, har mai tuƙi da ke wucewa ya ji. Baba ya ajiye kwandon a hankali. Can ya ce to madalla, ciniki ya faɗa, ya ba da rigar fita ya samu jika, shi dai bai yi asara ba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Raliya