Waƙar Katun a Sallar Azahar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, rainon ba wuya.

Sai dai talabijin. Kin tuna lokacin yaranmu, katun bayan la'asar kawai ake sawa, kafin magariba an gama? Nan tasharsa ba ta rufewa. Yarinyar da nake raino ba ta cin abinci sai da shi, uwarta kuma ta ce, "Bar mata, in dai ba kuka."

Jiya ina sallar azahar na tsinci leɓena na bin waƙar katun ɗin. Ni da na sauke, Yaya! Na yi ba'adi, amma hankalina bai kwanta ba.

Don Allah ki tambayar mini Malam ko sai na rama. Kada ki ce ni ce.

Ƙanwarki