Igiyar da Na Ƙi Saki

Zuwa ga mahaifiyata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Mama, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya sauƙaƙa miki ciwon bayan da ɗaga tsohuwar da kike jinya yake jawo miki, ya tsare ki a can Torino. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Kaka Floarea ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci da kanta, ta kuma koma faɗa da kaji kamar yadda ta saba. Inabin ƙofar gida ya yi 'ya'ya sosai bana. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, na ci duka, lissafi ne kawai ya ɗan ba ni kunya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kowace Lahadi. A waya Kaka tana zaune kusa da ni, kuma kin san halina, da na ga fuskarki sai magana ta maƙale mini. Don Allah ki karanta har ƙarshe.

Ranar Asabar Otilia 'yar Inna Viorica ta zo ta fitar da ni kusan da ƙarfi, wai in na ci gaba da zaman ɗaki littafi zai tsiro mini a goshi. Muka tafi da ƙawarta Sanda da Horia ɗan ajinmu tafkin nan na bayan layin dogo, inda ake haƙar tsakuwa a da. Yanzu sun kafa dogayen ƙarafa, sun zagaye ruwan da wayar ƙarfe ta sama. Inji ne yake juya wayar, igiyoyi suna rataye a jikinta, mutum ya ɗaure ƙafafunsa a kan allo ya riƙe igiya, ta ja shi yana sulɓi a kan ruwa. Ban taɓa yi ba. Aka sa mini hular kwano da rigar hana nutsewa.

Mai koyarwar sunansa Codrin, rana ta ƙona shi ya yi jajur. Saboda yawan tambayoyina ya raɗa mini Farfesa. Ya ce in durƙusa, in miƙe hannu, kada in ja igiya, ita ce za ta ja ni. Ya ce abu biyu kawai zan riƙe a kaina: in na faɗi in saki igiyar nan take, in kuma a nesa na faɗi, in yi iyo zuwa gaɓa, in cire allon in dawo da ƙafa.

Mama, na sha ƙasa, ko in ce na sha ruwa. Da igiya ta fizge ni sai in kife da fuska tun ban bar bakin katakon da ake tashi daga kansa ba. Horia yana ihu wai in rage wa kifaye, na shanye rabin gidansu. Babban laifina shi ne ba na iya saki. Ina faɗuwa sai hannuna ya ƙara damƙewa, igiya ta yi ta jana a cikin ruwa kamar buhu, Codrin yana ta kururuwa a lasifika wai Farfesa ki saki mana, ba gadon gidanku ba ce. Duk tafin hannuna ya yi bororo. Kowa yana dariya, ni ma ina yi.

Can da rana ta take sai kawai na ga na miƙe. Ban san yadda aka yi ba. Ruwa yana tsagewa a ƙarƙashina, iska tana dukan fuskata, na ji muryata tana ihu, ni da ko a aji ba a jin maganata. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ke. Na ce in kin zo bikin Maryamu a watan Agusta kamar yadda kika yi alkawari, nan zan fara kawo ki, ki zauna a inuwa ki ga 'yarki matsoraciya. Ina cikin wannan tunani na kai kwanar can nesa, inda igiya take saki sannan ta fizga, sai ta yar da ni.

Na yi yadda aka ce. Na fita gaɓa, na rungumi allo, na biyo ta cikin dogayen ciyayin bakin ruwa ba takalmi. Hanyar tana ɓullowa ne ta bayan rumfar da su Otilia suke zaune, don haka ba su gan ni ba. Sai na ji sunana. Sanda ce take tambaya ko har yanzu Ruxandra ba ta sani ba. Otilia ta ce ta rufa mata asiri ta rage murya, uwarta ta sa ta rantse. Ta ce tun watan Mayu aka ɗaura miki aure, tafiyar da Inna Viorica ta yi wai ganin likitan ido, bikin ta je. Ta ce sunansa Ettore, direban bas ne, kuma an ce mutumin kirki ne. Ta ce ba za ki zo a Agusta ba, domin kina da ciki, likita ya hana ki doguwar tafiya. Sanda ta ce wayyo, ga baiwar Allah ta gama fentin ɗakin uwarta. Otilia ta ce ai shi ya sa ta fito da ni yau, in ɗan yi dariya tukuna.

Na daɗe a tsaye ruwa yana ɗiga daga gashina. Daga baya na koma na zagayo ta gaba. Otilia ta tashi tana tafi, tana kirana jaruma, ta tura mini gasasshen nama da burodi a baki. Na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba. Na koma layi na karɓi igiya, don a cikin ruwa ne kawai ba wanda zai tsare ni da ido. Da na faɗi sai na saki nan da nan. Codrin ya sanar a lasifika wai a tafa wa Farfesa, yau ta gane karatu.

Da na dawo gida Kaka ta ga hannuwana, ta ɗauko mai tana shafa mini tana mita, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba. A nan na tuna yadda ta hana ni ɗinka sabon labule na ɗakinki, wai ba sauri. Ashe ita ma ta sani. Ban ce mata komai ba, ban ce wa Otilia ba, kada ki yi musu faɗa.

Mama, ba auren ne ya dame ni ba. Tun rasuwar Baba kike ke kaɗai, kina wanke iyayen wasu don in yi karatu, ban isa in hana ki jin daɗi ba. Abin da yake ci mini rai shi ne har Sanda, da ba danginmu ba, ta riga ni ji. Kowace Lahadi ina nuna miki bangon ɗakin a waya, kina cewa shuɗin ya yi kyau. Ina ta tunanin me kike ji a lokacin. Tsoro kike kada in ƙi ki? Ko kuwa a sabon gidan babu inda za a sa ni, shi ya sa maganar ta yi nauyi? Wannan ita ce tambayata, ba ni da wata.

Ranar Lahadi zan ɗauki wayar in fita ƙarƙashin inabi ni kaɗai. Ki gaya mini da bakinki, ko da abin da ba zan so ji ba ne. Mai yiwuwa in yi kuka, mai yiwuwa in kasa magana. Kada ki kashe, ki jira ni. Ki kuma daina ɗaga tsohuwar nan ke kaɗai, yanzu ba ke ɗaya ba ce.

Kaka tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Ki gaida Gwaggo Lenuta da Kawu Traian in kun haɗu a coci, da 'ya'yansa Ilinca da Doru. Shi ma Ettore ki gaishe shi, in ya san akwai ni.

Taki har kullum,
'yarki Ruxandra