Gefen Hagu

Talata, 7 ga Janairu

Na gama wankan arba'in. Ruwan zahi safe da marece, kamar ko wace mai jego, sai dai ni babu goyo. Ɗiyata ta rasu tun ba a zana suna ba. Duk Sabon Gida ba mai zancenta, sai "Allah shi ba da mai zama". Amin, nake cewa.

Cikina kuwa duk nankarwa, ja-ja, kamar an yi mini zane da ƙaya. Ban son gani.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yaya Mansura ta zo da wani mai na kasuwa, wai sati guda ya shahe komi. Na ce sai na tambayi likita. Ta ce, "Ke Mardiya, ke da tsoro!"

Asabar, 18 ga Janairu

Mun tahi asibitin Madawa. Sajifam, ungozomar asibitin, ta karɓi man Yaya ta jefa a kwando, ta ce irin na bilicin ne, ƙara tsaga fata yake. Ta rubuta mini wani na farmasi. In nankarwa tana ja, yana rage ta, in ta yi fari ya makara, kuma ba ya shahe ta duka. Sai ta ce, "Amma mai ciki da mai shayarwa ba su shafa shi. Kina shayarwa?"

Na ce a'a. Wallahi sai da gaban rigata ya jiƙe da nono.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yana aiki. Yana ɗan ƙuna.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Maigidana Abdurrahman ya kira daga Abijan, ya ce kar in wahal da kaina a kan fata. Shi ma bai ambaci ɗiyar ba, bai ma gan ta ba. Na tambayi Inna inda aka sa ta. Ta ce, "Mi za ki yi da sani? Maza ne suka kai." Kayan jinjira kuma an ba ɗiyar maƙwabciyarmu Indo. Na duba ɗaki kaf, babu abin da zai nuna ta zo duniya. Na yi kuka har na gaji.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Yaya ta ɗaga rigata ta duba. Gefen dama ya dushe, ta yi murna. Sai ta ce, "Hagun fa? Ki yi sauri kahin ya yi fari." Na ce man ne nake tattali.

Ko rabi ban ci ba. A hagun nan ne ɗiyata take shurina in na kwanta, da tana ciki.