Bafaranshen da Ya Ci Iyaka

Gazara, 6 ga Yuni, 1961

Zuwa ga ɗan ƙanena Maiwada, mai sharhin majigi, Ikara.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Labari ya iske ni cewa ranar kasuwar Makarfi kun nuna wani tsohon fim ɗin Faransawa wanda ba a magana a ciki, kai ka ari bakin mutanen ta lasifika. An ce wani Bature mai tumbi ya tuge turakun shingen maƙwabcinsa ya matsar da su, turakun suka tashi suka bi shi da duka. An ce duk sanda ya sunkuya sai ka yi gyaran murya ka ce, "To, madalla." Duk Gazara wa ke faɗin haka in ba ni ba? Yanzu yara Bafaranshe suke kirana. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wa ya sa ka? Uwarka ce? In maganar gonar marigayi ce, fito fili.

Baffanka, Tukur.

Ikara, 13 ga Yuni

Baffa, Allah ya ƙara girma. Ina gaisuwa da ladabi, a gaishe mini da su Inna Zulai.

Fim ɗin nan tun ba a haife ni ba aka yi shi, Baturen ma na tabbata ya daɗe da rasuwa. Muna sa shi ne don jama'a su taru kafin fim ɗin takin zamani. Yadda na yi a Makarfi haka na yi a Paki da Kudan, kuma a Kudan dattijai biyu suka tashi cikin fushi, kowanne ya ce da shi nake.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Ni ban ambaci gona ba. Me ya sami gonar Baba?

Ɗanka, Maiwada.

Gazara, 25 ga Yuni

Ɗan nan, ina gaishe ka. Malam Sama'ila ke rubuta mini.

Shekaranjiya na je gonar mahaifinka, na tarar gambar da ke kan iyakarmu da Baffanka ta ja baya zuwa wajensa har kunya huɗu, ƙasar gindinta ɗanya. Na tambaye shi, ya ce shi bai ga komai ba. Na zuba gyaɗa a wurin. Sai da na yi hawaye.

An ce majiginku zai zo Gazara, Baffanka kuma ya tsiri tafiya Saulawa ganin dangi.

Ban tambaye ka ko da gangan ka yi ba, kada kuma ka gaya mini. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka, Hajo.